Yadda Ake Saka wa Ƙawar da Ta Ɗinka Miki Bargo Kyauta

Na daɗe ina ɗinkin bargon ƙyallaye a Tudun Wadan Zariya, wato irin bargon nan da ake harhaɗa guntayen atamfa, a shimfiɗa auduga ko siririn soso a tsakiya, a yi masa shafi, sannan a bi falle ukun da ɗinki har su kama juna. Da yawa daga cikin barguna da suka fita daga hannuna ban karɓi ko sisi a kansu ba, domin na ƙawaye ne da 'yan uwa, kuma kafin in koyi sana'ar ni ma an yi mini irin wannan alheri na rasa yadda zan rama. Tambayar da mata suka fi yi mini ita ce: “Na ba ta kuɗi ta ƙi karɓa, to me zan yi mata?” Amsar tana da tsawo, shi ya sa na ga ya fi kyau in shimfiɗa ta daki-daki.

Abu ɗaya ne kawai nake so ki riƙe kafin mu shiga aikin. A cikin kowane bargo akwai kuɗin kaya, akwai kuma aikin hannu. Kuɗin kaya bashi ne a kanki, ko ta ambata ko ba ta ambata ba. Aikin hannu shi ne kyautar, kuma ba a biyan kyauta, saka ta ake yi. Yawancin ɓacin ran da na gani tsakanin ƙawaye ya samo asali ne daga cakuɗa waɗannan biyun.

Abubuwan da za ki tanada

Ƙaramin littafi da biro, da tef ɗin awo irin na teloli. Idan babu tef, igiya ma ta isa, sai ki kai wa telan unguwa ya auna miki.

Ambulan mai tsabta da za ki sa kuɗin kaya a ciki.

Kayan ɗinki, gwargwadon abin da binciken da za ki yi a mataki na huɗu ya nuna: zaren keke, allurai, man keke, alli, ko almakashi.

Jaka ko buhu mai tsabta na tara guntayen atamfa.

Kula ko kwanon samira, domin abinci yana daga cikin abin da za a kai.

Mutum ɗaya na cikin gidanta da zai riƙe miki sirri, kamar babbar 'yarta, ƙanwarta ko yarinyar da take koya wa ɗinki.

Yini guda ko biyu daga cikin lokacinki. Wannan ya fi sauran wuyar samu, kuma shi ya fi su daraja a wurin mai ɗinki.

Mataki na 1: Ki san girman abin da aka yi miki

Ki shimfiɗa bargon a kan tabarma, ki auna tsawo da faɗi, ki ƙirga ƙyallayen jeri ɗaya a tsaye da jeri ɗaya a kwance, ki ninka. Bari in ba ki misali da bargon babban gado mai ƙafa 6 da 6. Gadon inci 72 ne kowane gefe, saboda haka ana yin bargon kamar inci 90 domin ya sauko ta gefuna. Idan kowane ƙyalle inci 6 ne bayan an ɗinke, jeri 15 ke nan sau 15, ƙyallaye 225. Kowane ɗaya sai an goge shi, an auna inci 6 da rabi, an zana da alli, an yanka. Haɗa su jeri-jeri ɗinki 210 ne gajeru, haɗa jerin da juna kuma ɗinki 14 ne dogaye, kuma duk inda kusurwa ta kauce sai an farke an sake. Wannan fuskar bargon ce kawai. Shafin baya yana cin yadi 5, wato saura kaɗan ya cinye turmi guda mai yadi 6. Bayan haka sai shimfiɗa abin tsakiya, da ɗinkin da ke kama falle ukun, wanda shi ne mai karya baya, sannan kalmasar baki.

A hannuna, ga girki ga yara ga ɗauke wuta, irin wannan bargo yana cin sati biyu zuwa uku. Ki rubuta duk wannan a littafinki. Ba don ki karanta mata ba ne. Don kada ki ɗauki aikin sati uku ki saka shi da sabulu sanda ɗaya.

Daga nan ki shiga kasuwar Tudun Wada ko ta Sabon Gari ki tambayi farashin yau na yadin shafi irin wanda ta sa, da soso ko auduga, da zare. Ban rubuta farashi a nan ba da gangan, domin kuɗin da aka sayi yadi da azumi ba shi ne na bayan Babbar Sallah ba. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ce ai guntaye ne, ba sayen su ta yi ba. Guntun atamfa mai kyau jarin mai ɗinki ne, ta tara shi wata da watanni, wani ma roƙo ta yi a shagon teloli ko ta saya a buhu.

Mataki na 2: Ki biya kuɗin kaya, ki kuma kira shi da sunansa

Ki sa abin da lissafinki ya ba ki a ambulan, ki ɗan ɗora wani abu a kai saboda kuɗin mota da gawayin guga. Ki kai da kanki, ki bari sai kun keɓe, ba a gaban kishiya ko baƙi ba. Yadda za ki faɗa shi ne rabin aikin. Idan kika ce “ga kuɗin ɗinki”, kin mayar da ita telar haya, kuma za ta mayar miki. Abin da ya fi shiga shi ne ki ce: “Yaya, aikin hannunki kam ba ni da abin biya, sai dai Allah Ya saka. Wannan na shafi ne da soso da zare, don Allah kada ki ce a'a, in ba haka ba gobe kunya za ta hana ni sake roƙonki.”

Za ta ƙi a karon farko, wannan al'ada ce. Ki sake maimaitawa sau ɗaya cikin fara'a. Idan ta ƙi a karo na uku har fuskarta ta canza, ki mayar da ambulan jaka, kada ki tura shi ƙarƙashin filo ki gudu, kada kuma ki danƙa wa yaranta. Ki juya kuɗin ya zama kaya: ki sayo yadin shafi da soso daidai wanda ta kashe, ki aika bayan kwana biyu da saƙon cewa na bargo na gaba ne. Ban taɓa ganin mai ɗinkin da ta mayar da yadi ba.

Gargaɗi na musamman a kan tura kuɗi ta waya. Wata ƙawata ta taɓa karɓar bargo daga hannun ɗana da yamma, kafin isha sai ga saƙon banki ya shigo wayata, babu kira, babu ko “na gani”. Kuɗin bai kai na shafi ba ma, amma ba ƙarancinsa ne ya dame ni ba. Ji na yi kamar an sallame ni. Idan nisa ya sa dole sai ta waya, ki fara kira ku gaisa, ki yi godiya, ki faɗi ko na mene ne, sannan ki tura.

Mataki na 3: Tukuici da godiyar ƙafa

Idan aiko miki da bargon aka yi, ɗan aike yana da tukuicinsa nan take, ko da kuɗin alewa ne da na mashin. Hausawa sun ce yaba kyauta tukuici, kuma yaron zai koma ya faɗi yadda kika karɓa, har da yanayin fuskarki. Sai dai tukuici na ɗan aike ne, bai ɗauke miki komai daga abin da ke kanki ba.

Kada ki wuce kwana uku ba ki taka kin je ba. Godiyar ma tana da yadda ake yin ta. “Ya yi kyau” kowa yana iya faɗa. Ki ambaci wani abu da ya nuna kin duba: yadda ta jera shuɗi da ruwan ƙasa, ko yadda kusurwoyin suka haɗu cif, ko guntun atamfar ankon bikin wance da kika gane a tsakiya. Ki haɗa da addu'a. Ya zo a hadisi cewa wanda aka yi wa alheri ya saka, idan bai sami abin sakawa ba ya yi ta addu'a ga mai alherin har ya ga kamar ya saka. Ki lura da jerin: sakayya aka fara ambata, addu'a kaɗai ta wanda ya rasa ce.

Mataki na 4: Ki binciki abin da take buƙata ba tare da kin tambaye ta ba

Idan kika tambaye ta kai tsaye, “babu komai wallahi” za ki ji. Saboda haka ranar da kika je godiya ki zauna kusa da keken, ki buɗe ido da kunne. Shin keken yana ƙara ko yana tsallake ɗinki? Igiyar da ke juya shi ta saki har an ɗaure ta da waya? Almakashin yana yanka ne ko yana tauna yadi? A kan me take zama, kujera mai jingina ko benci? Da wace fitila take aiki idan an ɗauke wuta? Tana nisanta allura daga fuskarta tana ƙanƙance ido kafin zare ya shiga, ko tana kiran yaro ya zura mata? Ki duba sunan keken, Butterfly ne ko Singer ko wani, ki rubuta da kin fita.

Abin da idonki bai gano ba, wadda kika zaɓa a cikin gidan za ta faɗa miki. Yaran da ke koyon ɗinki sun fi kowa sanin abin da uwar ɗakinsu take ƙorafi a kai.

Mataki na 5: Ki zaɓi sakayyar da ta dace

A nan ne ake yawan ɓata kuɗi. Ka'idata ita ce a ba mai ɗinki abin da zai rage mata kashe kuɗi, ko ya rage mata gajiya, ko ya mayar mata da lokacin da ta kashe.

Mafi sauƙi shi ne kayan da ke ƙarewa. Zare dozin ɗaya, a fi yawaita fari da baƙi da ruwan toka domin su ne ke tafiya da kowane yadi. Allurar keke lamba 14 ta atamfa falle ɗaya ko biyu, da lamba 16 ta wurin da kauri ya taru, domin ɗinkin bargo yana karya allura fiye da ɗinkin riga. Man keke na ainihi, kwalba biyu. Kada ki yarda mai shago ya ce kowane mai ma ya yi. Man girki yana daskarewa ya kama ƙura ya ɗaure keke. Idan ba ki san kan waɗannan kaya ba, ki tafi kasuwa da wani tela da kika yarda da shi, ko ki kai tsohuwar allurarta a matsayin samfuri.

Sama da wannan sai almakashin yadi mai kyau. Idan kika saya, ki ɗaura masa jan ƙyalle a hannu, ki gaya wa yaran gidan da bakinki cewa ba na takarda ba ne, domin takarda da kwali suna dakushe shi da wuri. Idan aljihu bai kai ba, ki karɓi nata ki kai a wasa mata shi.

Gyaran keke kyauta ce da ba a cika tunawa da ita ba, alhali tana daga cikin waɗanda suka fi faranta rai. Ki nemo mai gyara, ki biya shi ya je gidan ya kwance ya wanke ya sa mai, ya canza igiya. Sai dai ki tambayi wanda ta saba kira, domin kowace mai ɗinki tana da mai gyaran da ta yarda da hannunsa, kuma ki tabbatar maigidan ya san da zuwansa.

Idan kin lura da matsalar ido, fitilar sola mai haske sosai za ta yi amfani, amma abin da ya fi shi ne ki ɗauke ta ku je a auna idon, ko a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ko wani asibitin ido da ke kusa, ki biya kuɗin kati da na tabarau. Kada ki sayo tabarau a tire ki kai mata da ka.

Sai batun guntaye. Ki bi ƙawayenki da 'yan uwa, ki bi telanki, ki tara ragowar atamfa da shadda. Amma kada ki kwaso tsummoki ki jibge mata, wannan ƙarin aiki ne kika kai. Ki ware na auduga zalla, ki fitar da leshi da yadi mai santsi ko mai talewa, ki jefar da duk wanda bai kai tafin hannu ba, ki wanke masu zuba daban, ki goge, ki jera launi-launi. Ranar da wata ƙanwar mijina ta kawo mini jaka guda a haka, a goge a ninke, shuɗi gefe ja gefe, na fi awa ina juya su ina tsara barguna uku a kaina.

Idan babu kuɗi sam, babu abin kunya, domin lokaci ya fi duk waɗannan. Ki je ki yi mata yini guda kina guga da yanka tana ɗinki. Ko ba ki iya keke ba, kina iya riƙe bakin bargo lokacin da ake tura shi, wanda aiki ne da ke neman hannu huɗu. Ki ɗauke mata yara ranar Asabar. Ki aika da tuwon shinkafa da miyar taushe a kula ranar da kika san aiki ya sha kanta, mai isar gidan gaba ɗaya, ba nata ita kaɗai ba. Idan kina da taki sana'ar, kitso ko lalle ko dambun nama ko koyar da yara karatu, ki saka da ita, kuma ki yi da kyau kamar yadda za ki yi wa mai biya.

Abin da ban ba da shawara ba shi ne kayan ado na ɗaki da ba ta nema ba, da turmin atamfa da za a miƙa a ce “ki ɗinka mana anko ni da ke”. Wannan sabon aiki ne aka naɗe a takardar kyauta.

Mataki na 6: Ki zaɓi lokaci

Kuɗin kaya da godiya ba sa jira, amma babbar sakayya gara ta ɗan jinkirta sati biyu zuwa wata guda, domin idan ta zo rana ɗaya da bargon sai ta yi kama da ciniki. Akwai lokuta biyu da taimako ya fi tasiri. Na farko shi ne goman ƙarshe na azumi, lokacin da ɗinkin Sallah yake hana masu keke barci. Kunu da ƙosai na buɗa-baki a wannan lokaci sun fi turmi a wani lokacin. Na biyu shi ne gab da hunturu, wajen Nuwamba, lokacin da kowa ke tunawa da bargo a rana ɗaya, kuma wanda ya kwana a Samaru a watan Janairu ya san dalili.

Sannan ki riƙe hidimarta a rai. Ranar da take aurar da 'ya ko take suna, gudummawarki ta ɗara ta sauran ƙawaye, kuma ki je da wuri ki kama aiki, ba lokacin rabon abinci ba. Ki rubuta a littafinki don kada shekara ta shafe shi.

Mataki na 7: Ki kawo mata masu saye, ki tsare mata farashi

Duk wadda ta shigo ɗakinki ta yaba bargon, ki faɗi wadda ta ɗinka. Amma kalmar “kyauta ta yi mini” kada ta fito daga bakinki, domin washegari za a yi mata layi, kowa da buhun guntayensa da “ai ke ce kika yi wa wance”. Ki ce tana ɗinkawa, kuma aikinta ba na araha ba ne. Kafin ki ba da lambarta ko ki sa hoton bargon a WhatsApp, ki nemi izininta, domin wata ba ta son ciniki, don jin daɗinta take yi, wata kuma maigidanta bai yarda a yi ta sallama a ƙofa ba. Idan ciniki ya faɗa, kada ki tsaya a tsakiya kina neman ragi wa ƙawarki, kada kuma ki karɓi la'ada.

Mataki na 8: Ki kula da bargon

Mai ɗinki tana duba aikinta duk ranar da ta shigo gidanki, ko ba ta ce komai ba. Na taɓa shiga wani gida na tarar da bargon da na yi sati uku a kansa an shimfiɗa shi a tsakar gida an baza barkono. Na yi gaisuwa na fito, kuma ban sake ɗinka wa gidan ba.

Ki wanke shi da ruwan sanyi da sabulu mai laushi, ba tare da bilic ba, kada ki murɗe shi da ƙarfi. Ki shanya a inuwa ko ki juya bayansa ga rana, a kan igiya biyu domin nauyin ruwa kada ya tsinka ɗinkin. Ki tambaye ta abin da ta sa a tsakiya: soso yana jure wanki, auduga tana son a bi ta a hankali, audugar rimi kuwa, wadda aka fi sani a filo da katifa, tana dunƙulewa idan ta sha ruwa, saboda haka irin wannan shanyawa da kakkaɓewa ya fi masa. Idan zafi ya shigo, ki tabbatar ya bushe sarai, ki ninke a cikin tsohon zane, ba a leda ba. Ɗinki ya ɗan farke, ki kama shi da allura tun yana ƙarami. Kuma kada ki kyautar da shi ga wata sai kin shaida mata.

Idan yanayinki ya bambanta

Idan wadda ta yi miki ɗinkin ta girme ki sosai, kamar ƙawar mahaifiyarki, ambulan ba shi da wuri sam. Ki kai goro da turare da zane mai kyau, ki durƙusa ki ce “Mama, ga ɗan abin sa albarka”, sannan kayan ɗinkin su biyo baya ta hannun jikarta.

Idan kai namiji ne aka yi wa, ko don ɗakin amaryarka ko don mahaifiyarka, kuma mai ɗinkin matar aure ce, sakayyar ta bi ta hannun matarka ko 'yar uwarka, kai kuma ka yi wa maigidan godiya a zaure.

Idan ta yi nisa, ta koma Kano ko Kaduna, ki haɗa kayan ki ba direba a tashar Kwangila, ki rubuta lambar wanda zai karɓa a jikin kwalin, ki biya kuɗin saƙon tun daga nan domin kada a caje ta a can.

Idan kuma kina son wani bargon nan gaba, ki bari aƙalla hunturu ɗaya ya wuce. Ki je da shafi da soso da zare da guntaye a goge, ki tambayi kuɗin hannu kafin ta sa almakashi, ki bar mata zaɓin ranar gamawa. Idan ta sake cewa ta yafe, sai ki buɗe sabon shafi a littafinki ki koma mataki na uku.